Yadda ake zubi da hannu mai ƙarfi a poka mai ƙayyadadden zubi

A majalisarmu ta Garwa, bayan isha'i idan zafi ya ɗan saki gari, marfin kwalbar lemo muke zubawa a tabarma, ba sefa ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ina koya wa 'ya'yan mutane caca. Hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne, yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma akwai malaman da ko kartar da babu kuɗi a cikinta ba sa so. Mu dai marfi ɗari ake ƙirga wa kowa, wanda nasa ya fara ƙarewa shi zai hura gawayin shayi. Masu bugawa a waya da kuɗin bogi na manhaja su ma lissafinsu ɗaya da namu.

Wasan da nake magana a kai shi ne Texas Hold'em, wani nau'i na wasan karta da ake kira poka, wanda ya taso daga jihar Teksas ta Amurka, ya isa Las Begas a shekarun 1960, aka fara gasar duniya a can a 1970. Irin wanda ake nunawa a talabijin, inda mutum zai tura duk abin da ke gabansa a tashi ɗaya, shi ya mamaye ko'ina bayan 2003, shekarar da wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbi ta intanet ya cinye babbar gasar. Namu ba wannan ba ne. Namu mai ƙayyadadden zubi ne, ba ka da ikon zaɓar yawan abin da za ka sa. Wanda ya kwaso dabarun talabijin ya kawo nan, shi ne mai hura gawayi a yawancin darare.

Ga yadda tsarin yake a tabarmar 2 da 4. Mutum biyu na hagun mai rabo su sa zubin dole, na farko marfi 1, na biyu marfi 2. A ba kowa kati biyu a rufe, a yi zagayen zubi. A buɗe kati uku a tsakiya, a sake zagaye. A waɗannan zagaye biyu, zubi ko ƙari marfi 2 ne. Sai a buɗe kati na huɗu, sannan na biyar, wanda Turawa ke kira kogi, mu ma muka bi su tunda ga Binuwai a gefenmu. A waɗannan biyun zubi ya ninka, ya koma 4. A kowane zagaye, zubi ɗaya da ƙari uku aka saba yarda da su, daga nan an rufe. Abin da aka tara a tsakiya shi ne tsibi. Idan layi ya zo kanka, ko ka wuce in ba a sa komai ba, ko ka zuba, ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka kife katinka. Manyan katuna as, sarki, dam da bale muke ce musu, kalolin kuma zuciya, karo, pik da tirefil, yadda muka gada daga Faransanci.

Mataki na farko: ka san da wa kake zaune

A ƙaramin zubi mutane ba sa kifewa. Duk abin da zan faɗa nan gaba a kan wannan ya tsaya. Mutum ya rufe shago, ya zo ya zauna don ya huta, ba zai yarda ya yi ta kallon wasu suna wasa ba. Zai bi da bale da huɗu, zai bi da kowane kati biyu masu kala ɗaya, zai bi har kogi da tagwayen 2, wato kati biyu masu lamba 2, don kawai ya ga abin da ka riƙe. Ka zauna zagaye goma kana lura kafin ka fara wani wayo: mutum nawa ke ganin buɗin farko? In biyar ne ko shida cikin takwas ko tara, to irin tabarmar da nake nufi ke nan. Ka kuma lura da wanda ba ya ƙari sai da dalili, da wanda hannunsa ke ƙaiƙayi kullum. Za ka buƙaci sanin su biyun.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne burga ba ta da kasuwa. Ba a tsorata mutum biyar da marfi 2. Ribarka gaba ɗaya tana fitowa ne daga lokutan da kake gaba, su kuma suna biya.

Mataki na biyu: kafin a buɗe komai, ka ƙara

As biyu, sarki biyu, dam biyu, bale biyu, as da sarki, as da dam: da waɗannan, idan layi ya zo kanka, ka ƙara. Idan wani ya riga ka ƙari kana riƙe da as biyu ko sarki biyu, ka sake ƙarawa, in dama ta dawo ka kai shi rufi.

Sababbin shiga sukan ce gara su bi a hankali kada a gane su. Bari mu ƙirga. As biyu sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. A ce mutum shida ne za su ga buɗi, har da kai. In ka bi kawai, tsibi 12 ne. In ka ƙara kowa ya bi, kuma za su bi, tsibi 24 ne. As biyu a gaban mutum biyar suna cin kusan rabin lokuta, alhali rabon kowane mutum cikin shida bai wuce kashi ɗaya cikin shida ba. Ka ƙara marfi 2, sun ƙara 10, rabin wannan 12 ɗin naka ne in an daɗe ana yi. Wato marfi 2 sun haifi 6. Babu wani wuri a wasan nan da za ka samu ciniki irin wannan, kuma ka yar da shi saboda ɓoye sirrin da babu mai nemansa. Rabin mutanen tabarmar ba sa ma tuna wanda ya ƙara.

A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, sun fitar da manhajar Cepheus wadda ta kusan warware wannan wasa baki ɗaya idan mutum biyu ne kaɗai ke bugawa. Ɗaya daga cikin abin da aka gani a wasanta shi ne idan ita ce mai fara magana kafin buɗi, kusan ba ta bin zubin dole haka kawai, ko ta ƙara ko ta kife. Wasan mutum biyu daban yake da na majalisa, amma ko na'ura ba ta yarda da lallaɓawa ba.

Sai dai ka shirya ranka. Da sarki biyu a hannunka, as zai fito a buɗin farko kusan sau 23 cikin 100. Da dam biyu, as ko sarki zai fito kusan sau 41 cikin 100, da bale biyu kuwa abin ya haura rabi, wajen 57. As da sarki ba sa samun tagwaye a buɗin farko sai kusan sau ɗaya cikin uku. Wannan ba dalilin ƙin ƙari ba ne. Dalili ne na sake auna hannunka da zarar kati uku sun faɗi. Bale biyu a gaban mutum biyar, ga as da sarki a tsakiya, ba hannu mai ƙarfi ba ne kuma, takarda ce.

Mataki na uku: buɗin farko ya yi maka kyau, ka zuba

Hannu mai ƙarfi a nan shi ne tagwaye mafi girma da ɗan rakiya nagari, wato ɗayan katin da ke hannunka, kamar as da sarki a kan buɗin sarki, 8, 3, ko tagwayen hannu da suka fi duk abin da ke tsakiya, ko tagwaye biyu, ko 'yan uku (kati uku masu lamba ɗaya), ko jere (kati biyar masu bin juna a lamba), ko kala (kati biyar masu kala ɗaya). Da kowane ɗayansu abin da za ka fara tunani shi ne zubi. In an riga ka, ƙari.

Ni da kaina na sha wannan darasin. Ina da 7 biyu, aka buɗe sarki, 7, 2, kala daban-daban. 'Yan uku irin wannan sau ɗaya suke zuwa cikin takwas da rabi, sai na ji kamar an ba ni kujerar Makka. Muna mu biyar. Na ce bari in noƙe, na wuce. Kowa ya wuce. Aka buɗe 6, na sa 4, mutum biyu suka bi, ciki har da kawuna, tsohon direban tirela da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Ngaundere da Njamena. Kogi ya kawo 10. Na sa 4, Kawu ya mayar da shi 8, na bi, ya juya 9 da 8: jere daga 6 zuwa 10. Yana kwashe marfi yana cewa, "Ɗana, da ka sa marfi biyu tun farko da na kife, ba ni da komai fa. Kai ka ba ni hanya." Na ce, "Kawu, ai tarko na ɗana." Ya ce, "To ga shi ya kama."

Abin da ya fi ci mini rai ma ba jerensa ba ne. Na ukunmu ashe sarki yake riƙe da shi da ƙaramin ɗan rakiya, yana tsoron zubi amma da ya bi duk abin da na sa. Garin neman gira na rasa ido ta fuska biyu: na bar kuɗin mai sarki a aljihunsa, na kuma ba Kawu kati kyauta.

Akwai abin da mutane ke kasa ganewa game da masu jiran kati. Wanda yake da katuna huɗu na kala ɗaya a buɗin farko yana da kati 9 da za su cece shi, zai samu kusan sau 35 cikin 100 kafin a gama. Mai jiran jere ta gefe biyu yana da 8, kusan sau 31 cikin 100. Ba za ka kore su ba, kuma daidai suke da suka bi. Sai wani ya ce to mene ne amfanin zubi? Amfaninsa shi ne sau biyu cikin uku ba sa samu, kuma duk marfin da suka sa a waɗannan lokutan naka ne. Ba don ka kori kowa kake zubi ba. Hanya ce za su bi ko ana so ko ba a so, kai ne mai karɓar kuɗin shinge. In ka wuce, sun bi kyauta.

To yaushe ake noƙewa? Sai abubuwa huɗu sun haɗu: tsibi ƙarami ne, hannunka ya kai inda kusan babu katin da zai kayar da shi, babu alamar kala ko jere a tsakiya, kuma kati na gaba zai iya ba wani hannun da zai biya da shi amma ba zai ci ba. 'Yan huɗu a buɗin farko, misali, a gaban mutum biyu. Wata guda sai ya wuce ban ga wannan ba. Kuma ko a nan, in abokan zamanka irin masu bi da komai ne, zubin ya fi. Wani abin dariya shi ne a tabarmar da kowa ke noƙewa da babban hannu, wanda ya zuba kai tsaye shi ne ba a yarda yana da komai.

Mataki na huɗu: ka auna tsibi, ka duba inda mai zubi yake zaune

Nan ne aikin yake, kuma nan ne poka mai ƙayyadadden zubi ta bambanta da 'yar'uwarta. Tunda ba ka iya ƙara girman zubi, makaminka ɗaya ne: ka sa mutane su fuskanci zubi biyu a lokaci guda maimakon ɗaya.

Ka fara koyon wannan ƙirgen. Mai jiran kati ɗaya tak a tsakiyar jere, kamar mai 9 da 7 a kan 8 da 5 yana jiran 6, kati 4 ne ke cetonsa cikin 47 da bai gani ba. Wato sau 43 zai faɗi, sau 4 ya samu, kusan 11 a kan 1. In tsibi ya ninka abin da zai biya sau 11 ko fiye, daidai ne ya bi. In bai kai ba, kuskure ne, kuma kuskurensa ribarka ce. Mai ƙananan tagwaye da ke jiran na uku ko tagwaye na biyu yana da kati 5, kusan 8 da rabi a kan 1.

Yanzu misali. Kai ne mai babban zubin dole, kana da as da dam. Mai rabo, wanda ke magana a ƙarshe, ya ƙara, mutum shida suka shiga, tsibi 24. Aka buɗe dam, 8, 5. Kana da tagwaye mafi girma da ɗan rakiya mafi girma, amma hannu ne da katuna da yawa za su iya lalatawa. In ka sa 2, na bayanka yana ganin 26 a kan 2, wato 13 a kan 1. Mai jiran 6 ya bi da gaskiyarsa, mai ƙananan tagwaye ma haka. Ba ka sa kowa kuskure ba. Amma in ka wuce, sauran suka wuce suna jiran mai ƙarin nan, shi kuma ya sa 2 kamar yadda ya saba, sai ka mayar da shi 4. Tsibi ya zama 30, kowa a tsakaninku sai ya biya 4 a tashi ɗaya: 7 da rabi a kan 1. Yanzu in sun kife ka rage masu farautarka, in sun bi sun biya fiye da kima. Ko wanne ya faru ka ci gaba. Wannan shi ne kwanton ɓauna na gaskiya, ba irin nawa na 7 biyu ba.

Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma mai nauyi: sai ka tabbata mutumin zai zuba. In mai sanyin hannu ne wanda ke wucewa duk lokacin da bai samu ba, ka zuba da kanka, don babu abin da ya fi muni irin zagaye ya wuce babu ko marfi ɗaya alhali kai ne a gaba. Shi ya sa na ce ka lura da mai ƙaiƙayin hannu tun farko.

In kuwa mai ƙaiƙayin yana hagunka ne, wato yana magana daf da bayanka, sai lissafi ya juya. Kana son rage mutane? Ka zuba, shi zai ƙara, sauran su fuskanci 4. Kana da hannun da ba ya tsoron kowa, kamar babbar kala da ta riga ta cika, kana son kowa ya zauna ya biya? Ka wuce, ya sa 2, kowa ya bi ɗaya bayan ɗaya, layi ya dawo kanka, ka ƙara. Wanda ya riga ya sa 2 ba ya kifewa saboda wani 2. Ka tambayi kanka kafin ka taɓa marfi: korarsu nake so ko tsare su? Amsar ita za ta gaya maka ko ƙarinka ya faɗo a farkon layi ko a ƙarshensa.

Akwai wani yanayi da ba ya yawan zuwa amma ya kamata ka san shi. Wani lokaci tsibi yakan girma har ƙari ma ba ya aiki a buɗin farko. A ce ku biyar kun kai rufi kafin buɗi, tsibi 40, kana da sarki biyu, aka buɗe 10, 9, 4 da zuciya biyu. Na damanka ya sa 2. In ka ƙara, tsibi 46, na bayanka zai biya 4, wato 11 da rabi a kan 1, har mai jiran kati 4 ɗin nan bai yi kuskure ba. In ka bi kawai kowa ya bi, tsibi 50. Kati na huɗu ya faɗo bai canja komai ba, mutumin ya sa 4, ka mayar da shi 8. Yanzu 62 ne a kan 8, bai kai 8 a kan 1 ba, alhali suna buƙatar 10 da rabi. Ka jinkirta ƙarin zagaye ɗaya, ya yi aikin da ba zai iya yi da farko ba. Ka kuma samu damar ganin katin: in as ɗin zuciya ne ya faɗo, ka tsira da marfinka. Ina faɗar wannan da ɗari-ɗari, domin duk wanda na koya wa sai ya mayar da shi hujjar noƙewa a kowane hannu. Na babban tsibi ne kaɗai, kuma sai mai zubin yana damanka.

Mataki na biyar: kati na huɗu

Zubi ya ninka, nan kuɗin yake. In kai ne ka zuba a buɗin farko aka bi ka kawai, ka ci gaba da zubi. Kada katin da ya ɗan yi kama da barazana ya tsayar da kai. Zuciya ta uku ta faɗo, kana da tagwaye biyu, mutum biyu ne a gabanka? Ka zuba. Ba kowane mai bi ne ke jiran kala ba, yawancinsu ƙananan tagwaye suke ja, kuma wanda yake da zuciya ɗaya tak a hannu bai kamata ya ga kogi kyauta ba.

Amma in aka ƙara maka a nan, ka dubi fuskar mai ƙarin. Mutumin da ya yi awa biyu yana bi, yana bi, bai taɓa ɗaga murya ba, sai ga shi ya mayar da 4 ɗinka 8: ruwa ba ya tsami banza. Irin wannan ba ya ƙari a zagaye mai tsada da abin da bai kai tagwaye biyu ba. Da tagwaye ɗaya, ko da as biyu ne, ba ka sake ƙarawa. In tsibi babba ne ka bi, ka sake bi a kogi, marfi 8 ke nan gaba ɗaya. In ƙarami ne kuma ka san mutumin sarai, kifewa ba abin kunya ba ne. In mai ƙaiƙayin hannu ne ya ƙara, ba ka kifewa ko kaɗan.

Da 'yan uku kuwa labarin daban ne. In babu alamar kala ko jere a tsakiya, ka sake ƙarawa, don galibi tagwaye biyu yake murna da su. In ma ya riga ya samu kala, ba ka mutu ba: kati 10 cikin 46 za su ba ka ful, wato 'yan uku haɗe da tagwaye, ko 'yan huɗu, kusan sau 22 cikin 100. Ka bi, ka ga kogi.

Mataki na shida: kogi

A nan ne masu ɗan sanin wasa suke zubar da riba mafi yawa, kuma ba sa ma sani, don asarar da ba a gani ba ce. Mutum ya zuba, ya zuba, kati na biyar ya faɗo, sai tsoro ya kama shi ya wuce, abokin ya wuce, aka juya katuna, ya ci. Yana murna, alhali ya bar marfi 4 a hannun wanda da ya biya. Sau biyar a dare, marfi 20 ke nan, kashi ɗaya cikin biyar na jarinka.

Tambayar ba "ko zai yiwu ya fi ni?" ba ce. Kullum zai yiwu. Tambayar ita ce: in na zuba ya bi, sau nawa zan ci? In ya haura rabi da ɗan abin da ya ɗara, saboda hatsarin a ƙara maka, ka zuba. A tabarmar da ake bi da tagwayen 3, wani lokaci ma da as tsirara ba tagwaye, tagwaye mafi girma da ɗan rakiya nagari zubi ne kusan kullum. Inda za ka dakata shi ne idan katin ƙarshe ya cika abin da kowa ke gani, kamar katuna huɗu na kala ɗaya a tsakiya kai kuma ba ka da ko ɗaya, ko mutum huɗu suna nan kuma kala da jere duk sun buɗe.

Ɗaya ɓangaren shi ne idan kai aka zuba wa. Tsibi 48 ne har da 4 ɗin da aka zuba yanzu, za ka biya 4. In kana cin irin wannan sau ɗaya cikin 13, bin ya biya kansa. Ka auna kurakuran biyu: in ka bi ba ka ci ba, 4 suka tafi. In ka kife ashe kai ne a gaba, 48 suka tafi. A babban tsibi, da hannun da ya iya doke wani abu, a gaban mutum ɗaya, ka bi. Masu son a ce sun iya karanta mutane su ne ke kife irin wannan suna girgiza kai. Sai dai in wani ya zuba, wani ya ƙara, kai kana na uku da tagwaye ɗaya, to wannan kam ka bar musu.

Abu na ƙarshe a kogi ɗan ƙarami ne. Na damanka ya sa 4, kana da hannu mai kyau sosai, mutum uku suna bayanka. In ka ƙara suka gudu, 4 kaɗai ka ƙaru da su daga mai zubin. In ka bi su ma suka bi, 12 ne. To ka san mutanenka. In irin waɗanda 8 ke kora ne, ka bi. In irin Kawu ne da ba ya kifewa a kogi ko da za a ce gidansa zai sa, ka ƙara ka karɓi duka biyun.

Za ka yi duk wannan daidai kuma kogi ya ci ka. As biyun nan da na ce suna cin rabin lokuta a gaban mutum biyar, ai rabin lokuta ke nan ba sa ci, kuma ba abin mamaki ba ne a kayar da su sau uku a jere. Abin da nake yi in haka ta faru shi ne in tambayi kaina a zagaye nawa nake gaba, kuma a kowannensu na sa iya abin da doka ta bari. In ka ga ka fara noƙewa da manyan katuna saboda an ƙona ka ɗazu, ko ka fara ƙari da bale da huɗu don ramuwa, ka tashi ka karɓi mafici daga hannun mai hura gawayi, ka zauna zagaye biyar kana kallo.

Don gwaji a gida, ka ɗauki kati 52, ka ware wa kanka sarki biyu, ka raba wa mutum biyar na ƙarya kati bibbiyu a buɗe, ka buɗe na tsakiya ɗaya bayan ɗaya. A kowane zagaye ka ƙirga kati nawa ne za su ceci kowane ɗayansu, ka kwatanta da girman tsibi in zubi ɗaya ne, sannan in biyu ne. Ka yi hannu ashirin a zama ɗaya, kana rubuta sakamakon a bayan kwalin shayi.